Lambar Rasit Na Iya Tona Asirin Ciniki: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Jimeta Su Sani

YOLA — Duk wanda ya taɓa sayen kaya a wani shago na unguwar Gwadabawa, ko a cikin babbar kasuwar Jimeta, ya san littafin rasit: takardu ɗaure wuri guda, da takardar kabon a tsakani, da kuma lambar da maɗaba'a ta buga a saman kowace takarda. Lambobin suna bin juna ne, 0451, 0452, 0453, har littafin ya ƙare a ɗauko wani. Shekara da shekaru wannan jeri bai dami kowa ba, domin kwafin yana kulle a cikin durowar mai shago, kuma wanda ke riƙe da rasit mai lamba 0452 ba shi da hanyar ganin abin da aka rubuta a 0453.

To, amma al'amura sun canja. Tun daga ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, sakamakon sauya fasalin Naira da Babban Bankin Nijeriya ya yi, ciniki mai yawa ya koma kan wayar hannu. Manyan dillalai, da makarantu masu zaman kansu, da asibitoci, da kamfanonin sufuri suna ɗaukar matasa masu ilmin kwamfuta su tsara musu manhajar da za ta riƙa fitar da rasit, da takardar kaya, da sakamakon jarrabawa ko na gwajin jini. Maimakon takarda, sai a aika wa abokin ciniki adireshin wani shafi na intanet, ya latsa ya ga abinsa. Sau da yawa a ƙarshen wannan adireshi akwai lamba, kuma lambar ita ce dai waccan ta jeri da aka saba da ita.

Wannan ɗan ƙaramin abu yana da hatsari iri biyu ga ɗan kasuwa. Na farko, lambar tana gaya wa abokin gasa yawan cinikin da ake yi. Na biyu, wanda ya fi muni, tana iya zama mabuɗin da zai buɗe takardun sauran abokan ciniki. Saboda haka ne masu tsara manhaja suka ƙirƙiro dabarun mayar da lamba irin 1000001 zuwa 'yan haruffa marasa ma'ana ga mai kallo. Ya kamata mai biyan kuɗin aikin ya san abin da wannan dabara ke yi, da kuma abin da ba ta iya yi.

Abin Da Lambar Jeri Ke Faɗa

A ɗauka akwai dillalai biyu a Jimeta masu sayar da kayan masarufi ga 'yan kasuwar Mubi da Ganye da Numan, har da masu tsallakawa zuwa Garwa ta ƙasar Kamaru. Ɗaya daga cikinsu ya aiki yaronsa ya sayi ɗan abu a wurin ɗayan ranar Litinin, aka ba shi rasit mai lamba 4,210. Da Litinin ta zagayo ya sake aikensa, aka ba shi mai lamba 4,630. Ba tare da ya tambayi kowa ba, ya san cewa maƙwabcinsa ya yi ciniki sau 420 a cikin mako guda, watau sau 60 ke nan a kowace rana. Idan kuma ya ƙiyasta cewa kowane mai saye yana kashe Naira 15,000, to ya san cewa kimanin Naira miliyan 6.3 ke shiga shagon a mako. Idan ya maimaita wannan a kowane wata, zai san lokacin da kasuwar abokin gasarsa ta buɗe da lokacin da ta ja baya, kuma da wannan sani zai tsara farashinsa da yawan kayan da zai saro.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan lissafi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashen ƙawance sun so su san yawan tankokin yaƙin da Jamus ke ƙerawa. Masu leƙen asiri suka ƙiyasta cewa a watan Yunin 1941 an ƙera guda 1,550. Masu lissafi kuwa suka tattara lambobin jeri da ke jikin tankokin da aka kama ko aka lalata, suka ce 244 ne. Bayan yaƙi da aka buɗe takardun Jamusawa, sai aka tarar cewa 271 aka ƙera. Haka nan a watan Agustan 1942, masu lissafi sun ce 327, takardun suka nuna 342. Richard Ruggles da Henry Brodie ne suka wallafa bayanin wannan aiki a 1947. Darasin da ke ciki shi ne, duk masana'antar da ke buga lambobi a jere a jikin kayanta, tana bayyana yawan abin da take samarwa ga duk wanda ya iya ƙidaya.

Ƙofar Da Aka Bari A Buɗe

Hatsari na biyu ya samo asali ne daga yadda shafukan intanet ke aiki. Bayanan kamfani suna zaune a cikin wata babbar kwamfuta wadda masana ke kira uwar garke. A cikin rumbun bayananta, kowane rasit da kowane abokin ciniki yana da lamba, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a bar kwamfutar ta riƙa ƙara ɗaya a kan lambar baya. Idan wayar abokin ciniki ta nemi takarda mai lamba 4,630, uwar garke za ta ɗauko ta miƙa. Tambayar ita ce: idan mutumin ya goge 4,630 ya rubuta 4,631 fa? Idan mai tsara manhajar bai sa sharaɗin a bincika ko takardar ta mai nema ce ba, to kwamfutar za ta miƙa masa takardar wani, da sunansa da lambar wayarsa da abin da ya saya da bashin da ake binsa. Abin da mutum zai yi da hannu sau goma, ƙaramar manhaja za ta yi shi sau dubbai kafin a sha shayin safe.

Manyan kamfanonin duniya ma sun faɗa wannan rami. A watan Yunin 2010 aka fitar da adireshin imel na kimanin mutum 114,000 masu na'urar iPad daga shafin kamfanin sadarwa na AT&T a Amurka, ta hanyar gwada lambobin katin waya ɗaya bayan ɗaya. A watan Mayun 2019 kuma, ɗan jarida Brian Krebs ya ba da labarin cewa takardu kimanin miliyan 885 na kamfanin inshorar gidaje na First American suna buɗe ga duk wanda ya canja lamba ɗaya a cikin adireshin shafin. Takardun sun haɗa da bayanan asusun banki da na cinikin gidaje tun daga shekarar 2003. Hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci kamfanin tarar kusan Dala 488,000 a 2021, hukumar kula da harkokin kuɗi ta Jihar New York kuma ta karɓi Dala miliyan 1 a 2023. Har ila yau, ƙungiyar OWASP mai nazarin tsaron manhajojin intanet ta sa rashin tantance izinin mai nema a matsayi na ɗaya cikin jerin manyan hatsarori goma da ta fitar a 2021.

Yadda Ake Sauya Lambar

Mayar da lamba zuwa haruffa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da Fombina. Malamanmu na da sun saba rufe waƙoƙinsu na ajami da ramzi, inda kowane harafi yake da ƙimarsa bisa lissafin abajada, alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, har a haɗa shekarar da aka yi waƙar cikin kalma guda. Wanda ya san ƙa'idar zai warware, wanda bai sani ba zai wuce. Abin da masu kwamfuta ke yi ya yi kama da wannan, kuma ya kasu mataki uku.

Mataki na farko shi ne gajartawa. Ƙidayar da muka saba da ita tana da alamomi goma, daga 0 zuwa 9. Idan aka ƙara ƙananan haruffan boko 26 da manyansu 26, alamomin sun zama 62. Da yake kowane gurbi yanzu yana ɗaukar abu 62 maimakon goma, sai doguwar lamba ta gajarce. Alal misali, 1,000,000 yana komawa 4c92. Gurbi huɗu na irin wannan ƙidaya yana ɗaukar lambobi 14,776,336, gurbi shida kuma yana ɗaukar fiye da biliyan 56. A kan irin wannan lissafi ne kamfanonin gajarta adireshi kamar TinyURL, wanda aka fara a 2002, da Bitly na 2008 suka gina sana'arsu, haka kuma kowane faifan bidiyo na YouTube yake da lakabi mai alamomi 11. Sai dai gajartawa kaɗai ba ta ɓoye komai. Lambar da ke bin 4c92 ita ce 4c93, kuma ba a buƙatar digiri kafin a gane hakan.

Mataki na biyu shi ne hargitsawa, watau a sa lambobin da ke maƙwabtaka su fito da kamanni daban-daban. Ga misali mai sauƙi da kowa zai iya gwadawa da kalkuleta. A ɗauki lambar rasit a ninka ta da 387, sa'an nan a riƙe lambobi uku na ƙarshe kawai. Rasit na 1 zai zama 387, na 2 ya zama 774, na 3 ya zama 161, na 4 ya zama 548. Mai shago kuwa yana da mabuɗin komawa baya, wanda shi ne 323: idan ya ninka 161 da 323 zai sami 52,003, lambobi uku na ƙarshe su ne 003, watau rasit na 3. Amfanin wannan tsari shi ne ba a buƙatar ajiye wani sabon jadawali, lissafi ne kawai kwamfuta ke yi a lokacin fita da lokacin shiga.

Akwai manhajoji na kyauta da ke yin irin wannan aiki ta hanyar cakuɗa jerin alamomin. Wadda ta fi shahara ita ce Hashids, wadda Ivan Akimov ya ƙirƙiro, aka kuma sake mata fasali da suna Sqids a 2023. Ana samunta a yawancin harsunan rubuta manhaja, kuma cikin 'yan mintoci mai aiki zai haɗa ta da shafin kamfani. To, amma fa masu ita da kansu sun yi gargaɗi cewa ba a yi ta domin ɓoye bayanan sirri ba. Dalilin a bayyane yake ko a cikin misalinmu na sama: wanda ya karɓi rasit biyu a jere, ya cire 387 daga 774, ya riga ya gano mabuɗin. Hargitsawa kamar zaurance take. Tana hana baƙo fahimtar zance a karon farko, amma wanda ya zauna ya saurara na ɗan lokaci zai kama bakin zaren.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi ƙarfi, kuma hanya biyu ake bi. Ko dai a kulle lambar da ilmin ɓoye rubutu na haƙiƙa, da mabuɗin da ke ajiye a uwar garke kaɗai, ko kuma a ba kowane rasit wani lakabi na daban da kwamfuta ta zaɓa da ka, wanda ba shi da wata dangantaka ta lissafi da lambar jerin, a ajiye su biyun gefe da gefe a cikin rumbun bayanai. Mutanen Nijeriya sun san wannan tsari tun zuwan wayar salula a 2001. A jikin katin waya akwai lambar jeri da kowa ke gani, wadda kamfani da dillalansa ke lissafi da ita, akwai kuma lambar sirri a ƙarƙashin abin da ake kankarewa. Da a ce lambobin sirrin suna bin juna, da wanda ya sayi kati ɗaya ya kwashe kuɗin sauran katunan da ke cikin ƙunshin.

Gajarta Tana Da Farashi

Ko da an zaɓi lakabin da ka, tsawonsa shi ne ƙarfinsa. A ɗauka kamfani yana da takardu miliyan ɗaya. Idan lakabin mai alamomi huɗu ne, kusan ɗaya cikin kowane gwaji 15 zai faɗa kan takarda ta gaskiya. Idan mai alamomi shida ne, sai an gwada kimanin sau 56,800 kafin a dace sau ɗaya, kuma kwamfutar da ke gwaji sau 100 a daƙiƙa za ta kammala wannan cikin ƙasa da minti goma. Idan kuwa aka kai alamomi 11, wannan kwamfutar za ta shafe fiye da shekara 16,000 kafin ta dace sau ɗaya. Bambancin alamomi biyar ne kawai.

An tabbatar da wannan a aikace. A 2016 masu bincike biyu, Martin Georgiev da Vitaly Shmatikov, suka nuna cewa ana iya bin gajerun adireshi masu alamomi biyar ko shida ɗaya bayan ɗaya, kuma ta haka suka kai ga takardun da mutane suka ajiye a OneDrive na kamfanin Microsoft, da kuma kwatancen hanya zuwa gidajen mutane a taswirar Google. Sakamakon haka Google ya tsawaita lakabin taswirarsa, Microsoft kuma ya cire tsarin gajartawar daga OneDrive.

Darasin Lambar Ɗan Ƙasa

Babban misalin wannan al'amari a Nijeriya shi ne lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, mai lambobi 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a watan Disamban 2020 cewa a haɗa kowane layin waya da wannan lamba, mutane suka shiga miƙa ta ga wakilan kamfanonin waya da masu shagunan kwamfuta da ma'aikatan banki. Matsalar ita ce lambar ta mutum ce har iyakar rayuwarsa. Idan ta faɗa hannun mugu, ba a canja ta kamar yadda ake canja kwaɗon ƙofa.

Saboda haka a ƙarshen 2021 hukumar, a ƙarƙashin shugabanta na wancan lokaci Injiniya Aliyu Aziz, ta sanar da tsarin lambar aro da ake kira vNIN, wanda aka tsara zai fara aiki daga watan Janairun 2022. Kamar yadda aka bayyana tsarin, mai lambar ne da kansa zai nemi wani lakabi mai haruffa da lambobi 16 ta wayarsa, domin wani kamfani guda da ya ambata. Lakabin zai yi aiki ga wannan kamfani kaɗai, kuma zai mutu bayan sa'o'i 72. Kamfanin zai tantance mutumin ba tare da ya riƙe ainihin lambarsa ba. Abubuwa uku ke nan aka haɗa: tsawo, da taƙaita wanda zai yi amfani da lakabin, da kuma wa'adi.

Duk da haka, a watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ba da rahoton cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan kuɗin da bai wuce Naira 100 ba. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa cikin rumbunta, ta kuma gargaɗi jama'a da su guji irin waɗannan shafuka. Ko ta wace kafa bayanan suka fita, abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, lakabi mai kyau a ƙofar gaba ba ya hana ɓarna idan akwai masu shiga ta ƙofar baya ba tare da an tambaye su izini ba.

Ya kamata kuma a bambanta ɓoyewa da tantancewa. Lambar asusun banki ta NUBAN, wadda Babban Banki ya ɓullo da ita a 2010, tana da lambobi goma: tara na jeri ne, ta ƙarshe kuma ana samo ta ne ta hanyar lissafi, domin kwamfuta ta gane idan an yi kuskuren bugawa. Wannan lamba ta ƙarshe tana kare mai aika kuɗi daga kuskure, amma ba ta ɓoye komai. Haka nan wasu kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya suna mayar da lambar wayar mutum ta zama lambar asusunsa. Akwai sauƙi a ciki ƙwarai, sai dai duk mai shagon da ya liƙa lambar asusunsa a bango ya liƙa lambar wayarsa ke nan.

Abin Da Doka Ta Tanada

A watan Yunin 2023 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin kare su. Manyan masu riƙe da bayanai ana iya cin su tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuma, Naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin 100. Bugu da ƙari, idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. A watan Agustan 2024 hukumar ta sanar da cin wani bankin kasuwanci tarar Naira miliyan 555.8, abin da ke nuna cewa dokar ba ta tsaya a kan takarda ba.

Abin lura a nan shi ne, kashi 2 ɗin daga kuɗin shiga ake lissafa shi, ba daga riba ba. Dillalin kayan masarufi wanda ribarsa ba ta wuce 'yan kaso kaɗan na cinikinsa ba zai iya rasa babban ɓangare na ribar shekara a tara guda. Kuma alhakin yana kan mai makaranta ko mai asibiti ko mai shago da ya karɓi bayanan, ko da kuwa wani ne ya rubuta masa manhajar.

Kada A Jefar Da Lambar Jeri

Duk wannan bayani ba yana nufin a daina lambar jeri ba. Akanta da mai binciken kuɗi da jami'in haraji da ita suke aiki, domin idan aka ga 0451 da 0453 babu 0452, an san akwai tambayar da yaron shago zai amsa. Abin da ya dace shi ne a riƙe lambobi biyu: ta jeri a cikin littattafan kamfani, lakabin da aka sauya kuma a kan adireshin da ke fita waje. Idan ana so a ɓoye yawan ciniki ma, sai a duba abin da ake bugawa a fuskar rasit ɗin da ake ba mai saye.

Haka kuma a yi la'akari da masu amfani da lakabin. A tashar mota ta Jambutu, lambar takardar kaya da baki ake karanta ta a waya, cikin hayaniya, wani lokaci da Hausa wani lokaci da Fulatanci. Lakabin da ya haɗa manya da ƙananan haruffa zai jawo gardama, domin ba a jin bambancinsu a magana, kuma sifili yana kama da harafin O, lamba 1 tana kama da I da L. Akwai tsarin alamomi 32 na Douglas Crockford wanda ya cire haruffan I da L da O da U, kuma bai bambanta babba da ƙarami ba. Da shi lakabin zai ɗan ƙara tsawo, amma kuskure zai ragu. Sa'an nan, tun da haruffan da ka suke fitowa, wata rana za su iya haɗa kalmar batsa ko ta zagi. Manhajar Sqids tana da jerin kalmomin da take gujewa, amma na harsunan ƙasashen waje ne, saboda haka sai an ƙara na Hausa da na Fulatanci.

Tambayoyi Kafin A Biya Kuɗin Aiki

Jihar Adamawa ba ta rasa masu wannan ilmi ba. Jami'ar Modibbo Adama, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha suna yaye ɗaliban kwamfuta, kuma da yawansu sun san duk abin da aka faɗa a nan. Sai dai mai aiki yakan yi abin da aka nema ne a kan kuɗin da aka biya, kuma tsaro ba ya bayyana a fuskar waya kamar yadda launi da tambarin kamfani ke bayyana. Don haka ya rage ga mai kamfani ya tambaya.

Da farko, ya buɗe rasit ɗinsa a waya, ya canja alama ɗaya a ƙarshen adireshin, ya ga abin da zai fito. Idan takardar wani ta fito, to aikin bai kammala ba. Na biyu, ya tambaya ko uwar garke tana bincika cewa mai neman takarda shi ne mai ita, ko kuwa duk wanda ya riƙe adireshin zai gani. Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci, musamman ga asibitoci da makarantu. Na uku, ya tambayi tsawon lakabin, da kuma ko hargitsa shi aka yi ko da ka aka zaɓe shi. Na huɗu, ya tambaya ko adireshin yana da wa'adin mutuwa, da ko kwamfutar tana dakatar da wanda ya yi ta gwaji ba ƙaƙƙautawa. Na biyar, ya san inda mabuɗin yake da wanda ke riƙe da shi, domin idan an rabu da mai aikin kada ya tafi da shi, kuma idan mabuɗin ya canja duk tsofaffin adireshin da aka aika wa abokan ciniki za su daina aiki.

Ya kamata a rubuta waɗannan sharuɗɗa a cikin yarjejeniyar aiki tun kafin a fara, domin gyara bayan an raba dubban adireshi ga jama'a ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Jimeta da Yola za su iya taimaka wa membobinsu ta hanyar ɗaukar masani guda ya duba musu manhajojinsu a kan kuɗi ɗaya, kamar yadda ake haɗa kuɗi a ɗauki mai gadin layi. A kasuwar da ake ba da kaya bashi bisa amana, ranar da wani ya ga bashin da ake bin maƙwabcinsa a shafin dillali, asarar da dillalin zai yi za ta wuce ta tara.